Inna ta ce a sake wa ɗana suna don ya samu lafiya, wani kuma ya ce aikin Yahudawa ne

Malam Bawa, ƙasar Taura

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tun bara nake karanta ku, ban taɓa sa baki ba sai yau, don abin da ke damuna ya fi ƙarfin in riƙe shi ni kaɗai.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye tsakanin Taura da Gujungu, ina ɗan taɓa noman gero da riɗi. 'Ya'yana uku, na ƙarshen namiji ne, watansa 22. Ranar suna na sa aka raɗa masa Isiyaku, sunan yayana da ya rasu a 1987 yana ɗan shekara 6, shekara biyu kafin a haife ni. Ban san shi ba, ko hotonsa babu a gidanmu. Na duba na ga duk cikin 'yan'uwana ba wanda ya mayar da sunansa, sai na ji kamar mun bar shi ya ɓace. A gida Baffa muke ce wa yaron.

Tun yana wata 7 jikinsa ya ƙi daɗi. Yau lafiya, gobe zazzaɓi. Wani lokaci bayan hannunsa da ƙafarsa su kumbura, ya kwana yana tsala kuka, ko taɓa shi ba ya so a yi. Farkon daminar nan sai da aka ƙara masa jini, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya shanye shi. Yau wata biyu ke nan.

Makon jiya muka koma asibiti. Uwarsa na fama da laulayi, don haka Inna ce, mahaifiyata, ta goya shi. Muna zaune a kan benci sai ma'aikaciya ta leƙo da kati a hannu, ta ɗaga murya ta ce, "Isiyaku!" Inna ta yunƙura za ta tashi, sai ta koma ta zauna, ta dafa bango. Isiyaku ɗan farinta ne. Yana raye bakinta bai taɓa furta sunan ba saboda kunya, bayan ya rasu kuma ba a sake ambatarsa a gabanta ba. Haihuwarta tara, ta binne huɗu. A hanyar dawowa ba ta ce uffan ba. Sai da dare ta kira ni ɗakinta ta ce, "Bawa, sunan nan ya yi wa yaron nan nauyi. A sake masa wani." Tana so a kira liman da asuba, a raba goro, a yi sadakar waina, a raɗa masa sabo.

Washegari ƙanin matata, wanda ke karatu a Kano, ya zo duba yaron, aka ba shi labari. Nan take, a gaban Inna, ya ce wannan al'adar Yahudawa ce, su ne ke sake wa mara lafiya suna don su ɓatar da mala'ikan mutuwa, duk wanda ya yi kuma ya bi sahunsu. Inna ba ta tanka ba, ta ɗauki butarta ta shige ɗaki. Tun ranar abincin kirki ba ta ci.

Tambayata ita ce, da gaske Yahudawa suna yin haka? In suna yi, yaya suke yi, kuma me suka dogara da shi? Ina son in ji daga wanda ya karanta, ba ji-ta-ji-ta ba. Don na kasa gane inda tsohuwar da ba ta taɓa wuce Kano ba za ta samo al'adarsu. Sannan masu ilimin addini su faɗa mini matsayin abin a wurinmu. Hankalina ya rabu biyu: ba na son in saɓa wa Allah, ba na kuma son in bar mahaifiyata cikin wannan hali.

Abu Sumayya

Wa alaikumus salam. Allah ya ba yaro lafiya. Ɗan'uwa, shawarata kar ka sake sunan. Ajali ba ya kuskuren adireshi, balle a ce an ɓatar da shi. Isiyaku sunan Annabi ne, ba abin da ya same shi. Kuma ni ban ga amfanin tono abin da Yahudawa suke yi ba, Alƙur'ani da Sunna sun ishe mu. Ka lallashi Inna, ka ci gaba da magani da addu'a.

Dattijon Roni

Wa alaikumus salam, ɗana Malam Bawa. Ya mai jiki? Allah ya tashi kafaɗarsa, ya sanyaya zuciyar Inna.

Na koyar da tarihi shekara 31 kafin in dawo gida in rungumi gona, kuma tarihin addinai na daga abin da na fi ɓata dare a kansa. Ɗana Abu Sumayya, sanin abin da wasu suke yi daban, binsu daban. Hadisi ya zo a Buhari cewa a ba da labarin Banu Isra'ila, babu laifi. Mutumin nan an jefi mahaifiyarsa da magana, yana da haƙƙin ya san ko maganar tana da tushe.

Gaskiya ne suna yi. Da Ibrananci ana ce masa shinui shem, wato sauya suna. Tushensa yana cikin Talmud, babban kundin fiƙihunsu da aka haɗa a ƙasar Iraƙi ta yau wajen ƙarni na 6 miladiyya. A babin Rosh Hashana, shafi na 16, wani malaminsu mai suna Rabbi Yishak ya ce abu huɗu ke yaga mummunan hukuncin da aka rubuta wa mutum: sadaka, kuka ga Ubangiji, sauya suna, da sauya hali. Wasu suka ƙara da sauya wurin zama. Hujjarsu a kan suna daga Attaura take: matar Annabi Ibrahim da Saray ake kiranta, ba ta haihuwa, aka mayar da ita Sara, sannan aka yi mata albishir da ɗa. Ɗan nan kuwa shi ne mai sunan yaronka. Su Yishak suke cewa, ma'anarsa "zai yi dariya", don dariyar da iyayensa suka yi da suka ji za su haihu da tsufa.

Amma ka lura, malamansu ba su taru a kan cewa dabara ce ta ɓatar da mala'ika ba. Musa bin Maimun, haifaffen Ƙurɗuba wanda ya rasu a Masar a 1204, likita ne kuma babban malaminsu, a babin tuba ya kawo maganar. A wurinsa mai tuba yana sauya suna ne kamar yana cewa, ni wani ne daban, ba ni ne mutumin da ya aikata waɗancan ayyuka ba. Zancen rikita mala'ikan mutuwa ya fi yawa a bakin talakawa da tsofaffin mata. Duk da haka al'adar ta shiga littafin hukunci. Musa Isalis na birnin Krakow a Poland, wanda ya rasu a 1572, ya rubuta cewa an saba yi wa mara lafiya addu'a a majami'a a sa masa sabon suna.

Yadda suke yi kuwa, ba don ciwon kai ko mura ba ne, sai ciwo ya kai ana jin tsoron rai. Maza goma ke taruwa, don da goma jam'insu ke cika. A karanta Zabura, a yi sadaka, sannan a yi addu'a a ambaci sabon sunan. Yawanci ba a jefar da tsohon, ƙari ake yi a gabansa. Namiji a ƙara masa Hayim, wato rai, ko Rafa'el, wato Allah ya warkar. Mace a ƙara mata Haya. Wanda yake Yishak sai ya koma Hayim Yishak. In ya warke, sunan ya zauna masa har kabari. Wani abin da ya tsaya mini a rai: a duk harkokinsu mutum ɗan ubansa ne, wane ben wane, kamar yadda Larabawa ke cewa bin. Amma in za a roƙa wa mara lafiya sauƙi, da sunan uwarsa ake haɗawa, wane ɗan wance.

Yanzu ga wadda ta fi kusa da zancenka. Yahudawa manyan rukuni biyu ne a wannan fage. Akwai Ashkenazi, na Jamus da Poland da Rasha. Akwai Safardi, zuriyar waɗanda aka kora daga Andalus a 1492 suka bazu a Maroko da Turkiyya da Girka da Sham. Safardi kamar mu suke, suna yi wa kaka takwara yana raye, ɗan fari na kakan wajen uba ne, kuma abin alfahari ne tsoho ya ɗauki mai sunansa a cinya. Ashkenazi kuwa ba sa sa sunan mai rai ko kaɗan, sai wanda ya rasu. In ka sa wa jariri sunan kakansa yana raye, kamar ka ce ka ƙosa ya tafi. To amma su ɗin ma da ke mayar da sunan mamaci, suna ɗari-ɗari da sunan wanda ya rasu da ƙuruciya ko ta mummunar hanya. In dole sai an sa, sai a haɗa da wani suna, ko na wani da ya yi tsawon rai, ko Hayim, ko Alta, wanda a harshen Yidish yake nufin tsoho, fatan yaron ya tsufa.

Ka ce ka kasa gane inda Inna ta samo. Ba ta samo a wurinsu ba, ɗana. Ka dubi sunayen da ke ƙauyenku: Ajuji, Ayashe, Barmini, Dangana, Dogara. Duk sunayen 'ya'yan wabi ne. Uwa ta binne biyu, ta binne uku, in na gaba ya zo sai a kai shi juji a ajiye a ɗauko, a nuna kamar ba a damu da shi ba, ko a roƙa a bar mata wannan. Yahudawan Turkiyya da Girka suna da suna Merkado, mace Merkada, ma'anarsa "wanda aka saya". Yaron da aka ji wa tsoro sai a yi kamar an sayar da shi ga wata mai 'ya'ya rayayyu, a karɓi ɗan kuɗi kaɗan, ya zama ba na gidan da mutuwa ta saba shiga ba ne. Matar Salonika da matar Taura ba su taɓa haɗuwa ba. Abin da ya haɗa su ƙananan kaburbura ne.

Ko ranar suna ma mun yi kusa da su ba tare da wani ya kwaikwayi wani ba. Su ranar takwas suke yi wa namiji kaciya, a nan ake faɗin sunansa, kuma suna lissafawa da ranar haihuwa. Mu ranar bakwai muke cewa, amma Risala ta ce ba a ƙirga ranar da aka haihu. Ka lissafa ka gani: wanda aka haifa Talata da rana, mu da su duka Talata mai zuwa ne. Mace kuwa ubanta ke zuwa majami'a ranar da ake karatun Attaura, Litinin ko Alhamis ko Asabar, a sanar da sunanta a can.

Hukuncin addininmu na bar wa malamai. Amma ƙanin matarka ya yi gaggawa, kuma ya kamata ya je ya ba tsohuwar nan haƙuri.

Maman Hanifa, Jahun

Malam, sannu da jinya. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, shekarata 14 a karkara, ba zan sa baki a zancen suna ba. Wani abu ne a cikin bayaninka ya hana ni wucewa.

Ka ce ciwon ya fara yana wata 7, bayan hannu da ƙafa na kumbura, yana kukan da ba a iya rarrashi, har an ƙara jini. Don Allah, an taɓa yi masa gwajin sikila? Amosanin jini haka yake fara nuna kansa, daga wajen wata 6, kuma kumburin hannu da ƙafa na cikin alamun farko. Ban ce shi ne ba, ban ga yaron ba. Amma ka je ka nemi gwajin da bakinka, kar ka jira a ce maka. Ka kuma gaya musu an ƙara masa jini wata biyu da suka wuce, don jinin da aka ƙara yana iya rikita sakamako, akan jira kamar wata uku. Kafin nan kai da maiɗakinka ku yi naku. In ku biyun AS ne, wato kuna ɗauke da ƙwayar ciwon ba tare da kuna ciwon ba, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato sikila. Tunda ka ce tana laulayi, gara ku sani da wuri.

Sannan ka zauna da Inna, a hankali, ka tambaye ta yadda ciwon yayanka ya kasance, da na sauran ukun. Na sha zama da tsofaffi ana ce musu masu wabi, in suka fara ba da labari sai ka ji ciwo ɗaya ne yake ta maimaita kansa: kumburi, ido ya yi ruwan ɗorawa, ciwon ƙashi lokacin sanyi. A zamaninsu ba mai gaya musu sunan ciwon. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ni na san abin da ta ji a kan bencin nan. Kar a ce mata mai bin Yahudawa, tsoro ne na uwa.

Kafin ku je: gidan sauro kullum, ruwa da yawa, kar a bar shi cikin sanyi ko jiƙaƙƙen kaya, zazzaɓi kuma ko na dare ɗaya ne a kai shi asibiti.

Malam Bawa, ƙasar Taura

Baba na Roni, Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Da na kai wurin Merkado sai da na ajiye wayar. Sunana na yanka Abdullahi, kuma duk rayuwata na ɗauka Bawa fassararsa ce kawai. Jiya na tambayi gwaggona, ta ce a'a. Wai ina kwana 3 a duniya aka miƙa ni ga wata maƙwabciya mai 'ya'ya bakwai, ta ba da mudun gero, aka ce ta saye ni, sannan ta ba Inna riƙo. Shekarata 36 ban sani ba.

Hajiya Maman Hanifa, ba a taɓa yi masa ba. Matata 'yar kawuna ce. Gobe in Allah ya kai mu za mu je.

Baba, ƙarin tambaya. In sun ƙara wa mutum suna, wanne ne nasa na gaskiya a takarda? Ina tambaya ne don yaron yana da takardar haihuwa da katin rigakafi, duk da Isiyaku. A makarantarmu na ga yadda yara ke wahala in sunan takarda ya saɓa da na gida, ranar jarrabawa a rasa wane ne wane.

Dattijon Roni

Ɗana, ka taɓo inda suka fi kowa tsanani. Bayahude mai riƙo da addini yakan kasance da suna biyu. Akwai na Ibrananci, wanda ake kiransa da shi a majami'a, a rubuta a takardar aure da kan kabari. Akwai kuma na yau da kullum, da harshen garin da yake zaune. Kamar sunan yanka da laƙabi a wurinmu. Har suna da waɗanda ke tafiya tare, yadda in ka ji Garba ka san Abubakar ne, in ka ji Shehu ka san Usman ne. Yahuda yakan tafi da Leb, wato zaki, Binyamin da Wolf, wato kyarkeci, Naftali da Hirsh, wato barewa, saboda a Attaura da waɗannan dabbobi Annabi Yaƙub ya kwatanta 'ya'yan nan nasa lokacin da yake musu wasiyya.

Inda abin ke zama shari'a shi ne saki. A wurinsu aure ba ya mutuwa da baki, sai da rubutacciyar takarda da suke kira get, kuma dole sunan miji da na mata da na iyayensu maza su fito daidai, harafi da harafi, tare da duk sunan da aka san mutum da shi. In aka yi kuskure takardar na iya ɓaci, matar tana nan da aurenta, in ta yi wani auren 'ya'yan sun shiga matsala. Shi ya sa a Shulhan Aruk, littafin hukuncin da Yusuf Karo ya wallafa aka buga a Banis a 1565, aka ware babi guda a kan sunaye a takardar saki, malaman baya kuma suka yi ta jera sunayen maza da mata da yadda ake rubuta kowanne. Wanda aka ƙara wa suna yana ciwo ya warke, sai an bincika: sabon ya kama bakin mutane ko an manta da shi? Da wanne ake kiransa a majami'a? Saboda wannan wahalar ba sa sake suna da wasa, sai da shawarar malami.

Suna da kunyar suna irin tamu ma. Ɗa ba ya kiran ubansa da sunansa, yana raye ko ya mutu. Akwai wasiyyar wani malaminsu na Jamus, Yahuda Hasid, wanda ya rasu a 1217, cewa kar mutum ya auri mace mai sunan mahaifiyarsa. Daga dalilan da aka bayar akwai cewa zai riƙa kiran matarsa a gaban uwarsa da sunan uwar. Masu bin wasiyyar, in aure ya zo da haka, sai a ƙara wa amarya suna kafin ɗaurin aure. Mu da Ummi da Abba da Baffa muka warware wannan.

Wanda ya shiga addininsu kuma sabon suna yake zaɓa, a kira shi ɗan Ibrahim, mace 'yar Sara. Sauya suna na siyasa daban ne, ba ruwansa da ciwo: Dauda Grin ya koma Ben-Gurion, Golda Meyason ta koma Meya a 1956, don su yar da sunayen Turai.

In ka tambaye ni, kar ka taɓa takardun yaron.

Alaramma Na-Gabas

Assalamu alaikum. Allah ya ba da lafiya, ya sa a dace da magani.

Sauya suna a kansa halal ne, Manzon Allah (SAW) ya sauya wa mutane da yawa. Barra ya mayar da ita Zainab, wata Barrar ya mayar da ita Juwairiyya, don sunan yana da yabon kai. 'Yar Sayyidina Umar da ake kira Asiya, da harafin sadi, mai ma'anar mai saɓo, ya ce ita Jamila ce. Kakan Sa'idu bin Musayyib sunansa Haznu, wato mai tsauri, Annabi ya ce masa kai Sahlu ne, ya ƙi karɓa, Sa'idu ya ce tsaurin bai bar gidansu ba. Tunda zancen Yahudawa ake, babban malaminsu na Madina da ya musulunta Husaini ne sunansa, Annabi ya kira shi Abdullahi, shi ne Abdullahi bin Salam.

Ka ga duk dalilin yana cikin ma'anar sunan ne. Ban san inda aka sauya don a kauce wa ajali ba, kuma aya ta 34 a Suratul A'araf ta yanke magana: in ajali ya zo ba a jinkirta shi da sa'a guda, ba a gaggauta shi. Wanda ya ƙudurta cewa suna ne ke kashewa ko rayarwa, aƙidarsa na buƙatar gyara. Amma Annabi ya hana camfi, ya kuma so kyakkyawan fata. Ranar Hudaibiyya da ya ga Suhailu bin Amru ya taho, cewa ya yi al'amarinku ya yi sauƙi.

Don haka ga abin da nake gani. Isiyaku ya zauna, sunan Annabi ne ɗan Annabi. Sadakar da Inna ke so a yi ta, liman ya zo ya yi wa yaro addu'a, wannan duk alheri ne. In tana son ta kira jikanta da wani suna mai daɗi da bakinta zai iya ɗauka, wa ya hana kaka? Ba a sake yanka rago don wannan. Ka yi mata bayani da taushi, kai kaɗai, ba a gaban surukai ba. Wanda ya faɗa mata waccan magana ko da gaskiya ce a bakinsa, bai faɗe ta a inda ya dace ba.

Malam Bawa, ƙasar Taura

Jama'a, na gode, Allah ya bar zumunci. Na yi kwana tara ban leƙo ba, ga abin da ya faru.

Mun yi gwajin, ni da uwar Baffa. Dukanmu AS ne. Na yaron sun ce mu dawo bayan wata guda, sun kuma ba shi ƙwayar folik asid yana sha kullum. 'Yan matan biyu ma za a duba su ranar. Uwarsu ta yi kuka sosai saboda cikin da ke jikinta, har yanzu ina lallashi.

Na zauna da Inna kamar yadda Hajiya ta ce, bayan sallar isha'i, mu biyu. Ban yi zaton za ta yi magana ba. Ta ce hannun "wancan" ma haka yake kumbura, har ta riƙa ɗaura masa lalle tana zaton zafi ne. Ta ce duk hunturu sai ya kwanta, idonsa ya yi ɗorawa. Ranar da ya cika, a kan jaki aka ɗauko su daga wurin mai magani, yana cinyarta. Biyu daga cikin sauran ukun ma haka. Shekara 38 tana zaton wani abu ne ke bin ta, ko bakin wata ne, ko laifinta ne. Na gaya mata abin da aka gaya mana a asibiti, cewa a jini yake, daga uba da uwa tare, kuma yanzu akwai masu shi da suka girma suka yi aure. Ta daɗe shiru, sannan ta ce, "Ashe yana da suna."

Ranar Juma'a liman ya zo da asuba. An yi waina kwano biyu an raba wa almajirai, aka yi wa yaro addu'a da sunansa Isiyaku, Inna na daga bayan ƙyaure tana amin. Ƙanin matata ya zo da goro ya durƙusa, ta ce ya tashi, ba komai. Takardu ban taɓa su ba. Ita dai tun ranar Rayyanu take ce masa, yaran gidan sun fara ɗauka, ni da uwarsa muna nan a Baffa.

Hajiya Maman Hanifa, sanyi ya kusa, ɗakinmu kuma na langa-langa ne, da asuba kamar randa. In akwai abin da ya kamata in tanada tun yanzu kafin in sayar da riɗi, don Allah ki rubuto mini.